Gobe da Nisa: Tarihin Sanin Dafin Kububuwa

Da kaka, in zangarniyar gero ta bushe aka shiga yanka da ɗaurin dami, manomin ƙasar Tasawa da na Mayahi yakan sami baƙi biyu a gonarsa waɗanda bai gayyata ba: ɓera mai bin hatsi, da maciji mai bin ɓera. Haka abin yake tun kaka da kakanni, kuma da wuya a sami zuri'a a gefen Gulbin Kaba, ko a ƙauyukan Korgom da Urafan da Kanambakashe, wadda ba ta da labarin wani nata da aka sara. Sai dai irin wannan labari a gida yake tsayawa, a bakin tsofaffi. Littattafan tarihinmu sun cika da sarakuna da yaƙe-yaƙe da yunwa, amma ba su san da wannan mai kisa ba, alhali ya raba gidaje da yawa da masu riƙe musu hauya.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani ɗalibina na kwaleji ya tafi ƙauyensu a arewacin Mayahi don ya taya mahaifinsa kwasar hatsi. Da almuru ya sa hannu ƙarƙashin wani dami da ya kwana biyu a ƙasa, sai ya ji kamar an soka masa ƙaya. Macijin bai kai kamu guda ba. Aka kashe shi, dattawa suka ce igiyar ƙasa ce, tun da ba a kiran sunan maciji da dare, amma kowa ya gane kububuwa ce. Aka ɗaure dantsen da tsumma, wanzami ya zo ya yi tsaga ya kafa ƙaho, aka ba yaron jiƙo ya sha. Daren farko ya wuce, hannu ya kumbura, amma yana magana, har ya ci tuwo, aka yi hamdala. Kashegari da la'asar tsagar ba ta daina tsiyaya ba, kuma da ya tofar da yawu aka ga ja. A rana ta uku aka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita mafi kusa. Manjon da ke wurin bai tsawaita tambaya ba. Ya ɗebi jini kaɗan ya zuba a ƴar kwalbar gilashi, ya ajiye, ya dubi agogo. Bayan minti 20 ya karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar ruwan soɓorodo. Babu makari a wurin, sai da aka ƙara gaba a mota, aka kuma sayar da tumaki kafin a same shi. Allah ya yi da sauran kwana, yaron ya tashi.

Da mahaifinsa ya zo makaranta ba da hanzarin rashin zuwan ɗansa, ya ce mini: "Mushe, ku da kuka yi karatu, me ke cikin bakin ƴar wannan aba da zai mai da jinin mutum ruwa, kuma sai bayan kwana biyu?" A ranar ban ba shi amsa mai gamsarwa ba. Daga baya na gane cewa tambayar tasa ce masana suka shafe fiye da shekara 300 suna bi, kuma wani babban ɓangare na amsar a ƙasar Hausa aka same shi, a Zariya da Malumfashi.

Dafi daban, guba daban

Bari mu fara da abin da harshe ya riga ya sani. Bahaushe yana rarrabe guba da dafi. Guba ita ce wadda ake ci ko a sha, dafi kuwa ta rauni yake shiga, ko na maciji ne, ko na kunama, ko na kibiya. Faransanci ma yana da venin da poison, amma ya sa na kibiya cikin poison. A ganina rabon Hausa ya fi tsari, domin ya dubi ƙofar da abin ke bi ya shiga jiki, kuma wannan ƙofa ita ce farkon abin da kimiyya ta tabbatar. A 1664, a birnin Fulorans na Italiya, likitan fada Francesco Redi ya wallafa bincikensa a kan wata macijiya ta ƙasarsu, dangin kububuwa. A zamaninsa wasu na cewa mugun abin a matsarmamarta yake, wasu na cewa fushinta ne kawai ke kisa. Redi ya nuna cewa wani ruwa ne rawaya mai fitowa ta haƙoran gaba, kuma mai kama masa macizai, Jacopo Sozzi, gardi ne sosai in da a nan yake, ya shanye ruwan a gaban jama'a bai ji komai ba. Amma ɗigo kaɗan a cikin rauni ya kashe tantabara. Fiye da ƙarni guda bayan haka, a 1781, Felice Fontana ya zuba dafin kai tsaye a jijiyar jinin zomo, ya ga jinin ya daskare nan take. A 1843 kuma Lucien Bonaparte, na gidan Napoleon, ya nuna cewa dafin dangin farin ƙwai ne, wato abin da yanzu muke kira furotin. Dalilin da ya sa Sozzi bai mutu ba ke nan: ciki yana narka furotin kamar yadda yake narka nama. Kada dai mai karatu ya ɗauki wannan izini. Wanda ke da ciwo a baki ko gyambon ciki ya buɗe wa dafi ƙofa.

To wane irin furotin ne? A nan kalmar anzim take shigowa, kuma ba baƙuwar aba ce a gidajenmu ba, sunan ne baƙo. Matar da ke yin cuku tana zuba ɗan ruwan da aka jiƙa cikin ɗan akuya mai shan nono a cikin madara, sai madarar ta kama. Mai dafa tsohon nama ya san ganyen gwanda na sa shi laushi. Yaro ya san in ya daɗe yana tauna lomar tuwo za ta yi zaƙi-zaƙi a bakinsa. Duk aikin anzim ne: furotin mai gaggauta wani canji, mai yanka wani abu ko ɗinka shi, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka fara ware irinsa daga tsiron hatsi a 1833. Bajamushe Wilhelm Kühne ya raɗa masa suna a shekarun 1870. A 1894 Emil Fischer ya kwatanta shi da makulli, wanda kwaɗo ɗaya kawai yake buɗewa. Sai a 1926 James Sumner na Amurka ya tabbatar cewa anzim furotin ne. Halaye uku na anzim suka shafe mu. Ba ya ƙarewa da aiki, saboda haka ɗan kaɗan ya isa ya yi ɓarna mai yawa in ya sami lokaci. Yana da abin da yake nema takamaimai. Kuma yana da rauni: zafi mai tsanani yana lalata shi, wasu kuma ba sa motsi sai da ɗan ƙarfen da ke maƙale a tsakiyarsu.

Wannan hali na uku ya raba dafin maciji da dafin kibiya, duk da sunansu ɗaya. Maharbanmu na da suna dafa ƴaƴan kwankwani a tukunya har su yi kauri, su shafa wa kibiya, kuma wuta ba ta rage masa komai, domin sinadarin da ke tsayar da zuciya ba furotin ba ne. Wasu kan jefa kan maciji a tukunyar don ƙarin ƙarfi. In kan kububuwa ne, tafasar ta kashe mafi yawan abin da ake nema. Kwankwanin ne ke aiki.

Abin da ke cikin bakin kububuwa

Kububuwa, wadda masana ke kira Echis, gajeruwa ce, launin ƙasa, tana fita da almuru da dare, kuma in ta ji motsi takan naɗe jiki ta riƙa goga ɓawonta yana ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Iri biyu suka fi damun yankinmu. Mai farin ciki fes, Echis leucogaster, wadda Benigno Roman ya bayyana a 1972, ita ce ta busassun wurare irin namu. Mai ɗigo-ɗigo a ciki, Echis ocellatus, ta fi son kudu inda ruwa ya fi yawa. Jean-François Trape da Youssouph Mané sun tattara macizai 1,714 a wurare 28 na Nijar tsakanin 2004 da 2008, suka wallafa a 2015 cewa nau'i 51 aka sani a ƙasar. Mafi yawansu ba sa kisa, kuma za mu ga amfanin riƙe wannan magana a gaba.

Kusan kashi biyu cikin uku na furotin ɗin dafin Echis ocellatus dangi ɗaya ne, wanda masana ke kira metaloporotinas; mu ce masa anzim mai tutiya, domin ƙwayar tutiya guda ce a tsakiyarsa take zama masa kaifin wuƙa. Aiki biyu wannan dangi yake yi, kuma haɗuwarsu ce amsar tambayar mahaifin ɗalibina.

Jinin mai lafiya yana ɗauke da kayan toshe rauni waɗanda hanta ke ƙerawa. Akwai fibirinojin, wanda za mu kwatanta da audugar da ba a kaɗa ba, akwai kuma furotorombin, mazarin da ke ajiye ba ya juyawa sai an ji ciwo. In mutum ya yanke, jiki yakan tayar da mazarin a daidai wurin, a kaɗa zare, a saƙa ƴar raga ta tare jini. Wani anzim na kububuwa yana tayar da mazarin a ko'ina cikin jiki, babu rauni babu dalili. A jikin ɓera, wanda don shi aka yi dafin, jini yakan daskare gaba ɗaya ya mutu cikin mintoci, kamar zomon Fontana. Mutum kuwa ya fi ƙarfin hakan, jininsa ya yi yawa. Sai a yi ta kaɗa guntayen zare jiki yana warwarewa, a kaɗa ya warware, har audugar ta ƙare ƙaf. Daga nan jini ba shi da abin kamawa. Abin mamaki a nan shi ne dafin mai sa jini daskarewa ne, kuma ta wannan hanyar yake hana shi daskarewa. A lokaci guda ƴan uwan wannan anzim suna cin bangon ƙananan hanyoyin jini, suna tsinka zaren da ya riƙe su, kamar gara a jikin zana. Rumbu ya huje, kuma babu yumɓun liƙewa. Shi ya sa jini ke fitowa ta dasashi, ta hanci, cikin fitsari, ta tsohon miki, ta sabuwar tsagar wanzami. In ya tsiyaya a cikin ƙwaƙwalwa ko cikin ciki, shi ke nan. Idan ba a sami makari ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda dafin ya shiga jininsu sukan rasu.

Akwai mataimaka. Hiyaluronidas yana narka danƙon da ke tsakanin ƙwayoyin tsoka don dafi ya sami hanya, shi ya sa masana suka fara kiransa mai bazawa. Fosfolifas A2 yana fasa fatar ƙwayoyin halitta, yana kawo zafi da kumburi. Wani kuma, mai ɗauke da sinadarin filabin, shi ke ba dafin launin rawaya da Redi ya gani.

Kirarin da ake yi wa kububuwa a wasu sassan ƙasar Hausa shi ne gobe da nisa, wato wanda ta sara ba zai ga gobe ba. Kirari ne mai ban tsoro, amma bai faɗi daidai ba, kuma kuskurensa yana kisa ta fuska biyu. Wanda ya yarda da shi yakan yanke ƙauna ya ƙi ɗaukar mara lafiya zuwa nesa. Wanda kuma ya ga gobe ta yi mutum na numfashi, yakan ɗauka an tsira. Alhali anzim ba gaggawa yake ba. Yawancin waɗanda kububuwa ke kashewa bayan kwanaki suke mutuwa, kwanakin da amalanke ma ta isa ta kai su inda makari yake.

Sauran manyan biyu ba zan daɗe a kansu ba. Kasa, mai kaurin jiki da nauyin barci, dafinta ma anzimai ne suka fi yawa, amma ɓarnarsa a tsoka take: kumburi har gwiwa ko cinya, ƙuraje masu ruwa, ruɓewa, wani lokaci a rasa ƙafa. Baƙin macijin nan mai fasa kai yana fesa dafi a ido, wanda wasu ke kira gamsheƙa wasu kumurci, nasa daban ne: mafi yawansa ƙananan furotin ne da ba anzim ba, masu huda ƙwayoyin fata, sai fosfolifas da ke ƙara musu ƙarfi da raɗaɗi. Waɗannan ƙanana wuta ba ta cika lalata su ba.

Doki, tunkiya da kwalbar gilashi

A 1891 wani likitan sojan ruwa na Faransa, Albert Calmette, ya buɗe cibiyar Pasteur a Saigon, a ƙasar Biyetnam ta yau. A shekarar ambaliya ta koro macizai masu fasa kai cikin wani ƙauye, suka sari mutane, aka kama wasu aka aika masa. Da dafinsu ya fara. A ranar 10 ga Fabrairu 1894, a zama ɗaya na ƙungiyar masana ilmin halitta a Paris, shi da wasu abokan hamayyarsa biyu, Césaire Phisalix da Gabriel Bertrand, kowane ɓangare ya ba da sanarwar abu guda: in aka riƙa yi wa dabba allurar dafi kaɗan-kaɗan, jininta yakan ƙera garkuwa, kuma ruwan wannan jini yana ceton wata dabbar da aka sara. Phisalix da Bertrand sun fara raunana dafin ne da zafin wajen digiri 75, wato sun yi amfani da raunin anzim tun kafin a san anzim ne. Daga 1895 Calmette ya shiga haɗa makarin da yawa daga jinin dawaki a birnin Lil.

Mai karatu ya lura da shekarun. Shekara huɗu bayan haka, a Yulin 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta iso ƙasar Tasawa bayan ta bar gawarwaki tun daga bakin Kwara, kuma a nan wajen Maijirgi labarin shugabanninta biyu ya ƙare. Ƙasa ɗaya ce ta fitar da Calmette ta fitar da Voulet, a zamani ɗaya. Bindigar ta riga makarin isowa da nisa, kuma ko da Tasawa ta zama mazaunin kwamanda, kafin a mai da shi Maraɗi a 1927, talakan da maciji ya sara a gona bai san wata hanya ba sai ta gidan mai magani.

Calmette ya yi kuskure guda: ya ɗauka makarin da ya haɗa da dafin maciji mai fasa kai zai yi aiki a kan kowane maciji. Vital Brazil, likitan ƙasar Barazil wanda ya jagoranci cibiyar Butantan tun kafuwarta a 1901, shi ya nuna cewa ba haka ba ne. Kowane dangin dafi da makarinsa, domin garkuwar da doki ya ƙera siffar furotin ɗin da aka nuna masa kawai ta sani. Makulli da kwaɗo ne a nan ma. Za a ga yadda mantawa da wannan darasi ya ci rayuka a Afirka ta Yamma bayan shekara 100.

A farkon shekarun 1970 wani matashin likita Bature, David Warrell, yana aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Shi da abokan aikinsa suka bi saran maciji a arewacin Nijeriya da natsuwar da ba a taɓa yi ba, suna roƙon dangi su zo da gawar macijin don a san wanda ya yi saran. A 1975 suka wallafa abin da suka gani game da kasa. A 1976 suka nuna cewa mai fesa dafi, saɓanin danginsa na wasu ƙasashe, ba shanye jiki yake kawowa ba, ruɓar fata ce, kuma sau da yawa cikin ɗaki yake saran mutum yana barci. Feshinsa a ido kuwa yana iya makantarwa in ba a wanke da ruwa mai yawa nan da nan ba. A 1977 suka fitar da bayanin mutum 115 da kububuwa ta sara: fiye da kashi 90 cikin 100 jininsu ba ya kamawa, fiye da rabi kuma suna zubar da jini ta wuraren da ba a sara ba. Daga wannan aiki ne gwajin minti 20 ya bazu a duniya, wanda manjo ya yi wa ɗalibina. Sharaɗinsa kwalbar ta zama ta gilashi, sabuwa, busasshiya, domin taɓa gilashi ne ke tayar da kamawar jini. Roba ba ta yi, kwalbar da aka wanke da sabulu ma takan ruɗar. Bayan an yi allurar makari ana jiran awa 6 a sake gwadawa, domin lokacin da hanta ke bukata ke nan ta mayar da audugar da aka ƙarar. Ina ganin a duk tarihin likitanci da wuya a sami gwaji mai arha kamar wannan da ya ceci mutane da yawa haka. A ƙarshen shekarun 1970 kuma Pugh da Theakston suka bi ƙauyukan Malumfashi a ƙasar Katsina gida-gida, suka nuna cewa waɗanda ke isa asibiti ƴan kaɗan ne cikin waɗanda ake sara.

Ina sauran suke zuwa? Gidan masu gado. A ƙasar Maraɗi, kamar yadda Guy Nicolas ya bayyana a nazarinsa, sana'a da asirinta gado ne na zuri'a, kuma maganin maciji na cikin irin wannan gado. Ga gardawa masu wasa da shi a kasuwa, ga Danko a cikin bori. Ba na cikin masu yi musu dariya. Sun san macizai da ɗabi'unsu fiye da yawancin masu takardar digiri, kuma su ne ke kusa in abin ya faru da tsakar dare. Amma dole a faɗi dalilin da ya sa maganinsu ke yin suna. Yawancin macizai ba su da dafin kisa. Mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba komai ba. Kuma ko kububuwa ce ta zuba, mun ga 80 ko fiye cikin 100 za su tashi ko an yi magani ko ba a yi ba. Duk mai maganin da mutum 8 cikin 10 ke warkewa a hannunsa zai yi suna, ko da ruwan rijiya yake bayarwa. Biyun da suka rage ake cewa kwana ya ƙare. Turawa ma sun kawo nasu camfin, wato baƙin dutsen nan da ƴan mishan suka yaɗa, wanda ƙashi ne ƙonanne. Jean-Philippe Chippaux, wanda ya yi shekaru yana bincike a Yamai, ya gwada shi a kan ɓeraye da dafin kububuwa da kasa da mai fesawa, ya wallafa a 2007 cewa ba ya hana mutuwa. Illar jiƙo da dutse ita ce ɓata lokaci. Tsaga da ƙaho kuwa sun fi haka muni, domin buɗe ƙofa ne ga jinin da ba zai tsaya ba, ɗaurin tamau kuma yana kashe gaɓar da ake son ceto.

Da a ce kimiyya kaɗai ake bukata, da an gama tun 1977. Amma makari kaya ne na kasuwa, kuma masu bukatarsa su ne mafi talauci. A tsakiyar ƙasar Gana, wani asibitin karkara ya koma amfani da wani makari mai arha da aka haɗa a Indiya da dafin kububuwar can. Rahoton da aka buga a 2008 ya nuna mace-mace sun tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin 100. Sunan macijin ɗaya a jikin kwalba, anzimai daban. A 2014 kamfanin Sanofi Pasteur ya daina haɗa Fav-Afrique, makarin da likitocin ƙasashenmu suka fi amincewa da shi, kuma kwalaben ƙarshe suka lalace a Yunin 2016. Nijeriya ta bi wata hanya: aka kwashi macizanta aka tatsi dafinsu, aka yi wa tumaki allura a Birtaniya da dawaki a Kosta Rika, aka sami EchiTAb-G da EchiTAb-Plus. An gwada su a kan mutum 400 a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe, aka wallafa a 2010 cewa a wajen fiye da kashi uku cikin huɗu jini ya koma kamawa cikin awa 6 da allurar farko. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka ɗauki wannan magana har zauren duniya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 ta ɗauki alkawarin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Ƙiyasinta shi ne mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya. Chippaux a 2011 ya ƙiyasta wajen 7,300 a Afirka kudu da Sahara, bisa abin da takardun asibitoci suka nuna, kuma Malumfashi ta riga ta koya mana abin da takardun asibiti ke bari a baya.

Akwai wani abu da ke ci mini rai a wannan tarihi. Anzim ɗin nan mai tayar da mazari, wanda aka tace daga dafin Echis a shekarun 1970 aka sa masa suna ekarin, yau ana sayar da shi ga ɗakunan gwaji na Turai da Amurka don auna magungunan tsinka jini. Wani ƙaramin furotin na dafin dai, wanda aka gano a 1988, shi ya zama samfurin tirofiban, maganin masu ciwon zuciya da aka amince da shi a 1998. Kafin su, dafin wani macijin Barazil ya haifar da kaftofiril a 1981, wanda masu hawan jini ke saye a kantunan magani na Maraɗi da Tasawa ba tare da sanin asalinsa ba. Dafin ya sami hanyar zuwa manyan asibitocin duniya, makarinsa bai sami hanyar Isawan ko Hawandawaki yadda ya kamata ba.

Sabon fata daga raunin anzim ɗin yake fitowa. Tun da wuƙarsa tutiya ce, in aka ƙwace tutiyar ya zama kube babu wuƙa. A 2020 masu bincike a Liverpool suka nuna cewa wani tsohon maganin gubar ƙarfe, DMPS, ɗan uwan wanda aka ba yaran Zamfara lokacin gubar dalma ta 2010, yana kare ɓeraye daga dafin kububuwa in an ba su ta baki da wuri, musamman in makari ya biyo baya. An gwada lafiyarsa a kan mutane masu ƙoshin lafiya a Kenya. Wani kuma, barasfaladib, mai toshe fosfolifas, an gwada shi a kan waɗanda aka sara a Amurka da Indiya, sakamakon bai kai yadda aka so ba. Babu ɗayansu da ya maye gurbin makari. Abin da ake nema shi ne ƙwaya wadda ba ta bukatar firji ko allura, wadda za ta zauna a aljihun manomi ta saya masa sa'o'in da zai yi a hanya.

Kafin ta zo, abin da ke hannunmu bai wuce abin da malamin makaranta zai iya faɗa a aji cikin rabin awa ba, ko ƙungiya ta sa a wasan kwaikwayo a dandali: a ɗaga dami da sanda kafin a sa hannu, a riƙe tocila da dare, a kwana cikin gidan sauro a soke gefensa, a nisanta rumbu da tarin kara daga ɗakin kwana, in an yi sara a cire zobe da munduwa, a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a kama hanya a daren ko da yana dariya. Na gwada wannan darasi da Hausa a ajina, na zana mazari da auduga a allo. Ɗalibin da aka sara yana zaune a layi na biyu, da tabon tsaga guda bakwai a bayan hannunsa na dama. Tabon haƙoran kububuwar kuwa sai ya nuna da yatsa ake ganinsa.